Mashigin Bungui a Japan: da gaske ne maganaɗisun ƙasa yana mutuwa a can?

Wani ƙanenmu da ke karatun injiniya a Nagoya ya rubuto: "Malam, barka da aiki. Abokan karatuna Japanawa sun shirya tafiya wani mashigin tsauni a lardin Nagano, sunansa Bungui. Sun ce wuri ne mai wani ƙarfi na ɓoye, wai maganaɗisun ƙasa sifiri ne a can, kamfas yana rikicewa, har marasa lafiya suna zuwa neman sauƙi. Da yake fanninka ne, gaskiya ne? In bi su ko in ba da uzuri?"

Barka kadai, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka bi su. Wurin ya cancanci wahalar hanya, na je shi lokacin da nake aikin binciken duwatsu a ƙasar, kuma har yau ina tuna shi. Amma maganar sifirin maganaɗisu ba gaskiya ba ce, kuma ina so ka tafi da sanin dalili, domin abin mamaki na haƙiƙa yana nan kusa da wurin, mafi yawan masu zuwa kuwa suna wuce shi ba su ko waiwaya ba.

Bari mu fara da wurin kansa. Bungui yana kan tsayin mita 1,424, a kan iyakar birnin Ina da ƙauyen Oshika, kuma hanyar ƙasa mai lamba 152 ce ta bi ta cikinsa. Sunan yana nufin turken da ya raba iyaka. Akwai ginshiƙin dutse a wurin da aka rubuta cewa daga nan zuwa arewa ƙasar Takato ce, wato masarautar da ta mallaki yankin a zamanin da. Tsohuwar hanya ce ta fatake da masu ziyara, ana kiranta hanyar Akiba, ta ita ake gangarawa kudu zuwa wurin bautar Akiha da ke lardin Shizuoka na yanzu, ta ita kuma gishiri yake hawowa daga bakin teku. Mashigin tsauni dama yana da daraja a al'adar Japanawa. Harafin da suke rubuta kalmar da shi su suka ƙirƙire shi, ba daga Sin suka aro ba: sun haɗa alamar dutse da ta hawa da ta sauka. Ana kuma danganta asalin kalmar da sadakar da matafiya suke ajiyewa a irin waɗannan wurare don neman sauka lafiya.

Sai dai ka lura da kyau, duk wannan tsohon tarihi babu zancen maganaɗisu a cikinsa. Wannan zance ya fara ne a 1995, shekarar da aka kawo wani malamin cigon daga ƙasar Sin mai suna Zhang Zhixiang. Cigon wata hanya ce ta motsa jiki da sarrafa numfashi wadda masu ita suke cewa tana tafiyar da wani ƙarfin rai a jiki, Sinawa suna kiransa ci, Japanawa suna cewa ki. Mutumin ya zaga yankin, ya tsaya a Bungui, ya ce ki na wurin yana da ƙarfi ƙwarai, irin na wani wuri da ya shahara da shi a lardin Hubei. Daga nan sunan "filin sifirin maganaɗisu" ya manne. Yankin kuwa ƙauye ne da matasa suka watse suka bar tsofaffi, kowa yana neman abin da zai jawo baƙi. Da aka shiga yayin ziyarar wuraren ƙarfin ɓoye wajen 2009 da 2010, lokacin da mutane suke layin sa'o'i a Tokyo don ɗaukar hoton wata rijiya a harabar wurin bautar Meiji Jingu, gidajen talabijin suka haska Bungui, motoci suka cushe 'yar siririyar hanyar har ta gagara bi. A 2010 aka hana ajiye mota a kan mashigin, aka sa bas mai jigila daga ƙasa. To ka ji tsawon shekarun wannan suna. Akwai yiwuwar malaman da ke koyar da kai sun girme shi nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar fannina. Duniya gaba ɗayanta kamar ƙaton mayen ƙarfe take, kuma tushen wannan ƙarfi yana can cikin narkakken ƙarfen da ke motsi a cikinta, kusan kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarka. A doron ƙasa ƙarfin yana kamawa daga kimanin maikurotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan) 25 zuwa 65, gwargwadon inda mutum yake. A arewacin Najeriya yana tsakanin 33 da 35. A tsakiyar Japan yana wajen 46 zuwa 47. Japan kuma ba ƙasa ba ce da ake hasashe a kan wannan: tashar auna maganaɗisu ta Kakioka tana aiki tun 1913, hukumar taswirar ƙasar tana fitar da taswirar maganaɗisu a kai a kai. Da akwai wani lungu a Nagano da ƙarfin ya faɗo daga 46 zuwa sifiri, da ba malamin cigon ne zai fara gano shi ba, da tuni masana daga ko'ina sun kafa tantuna a wurin. Inda ake samun abin da ya kusanci sifiri shi ne ɗakunan gwaji na musamman da ake lulluɓewa da bango a kan bango na wani irin ƙarfe mai tsada, kuma ko a can sai an sha wahala.

Ba sai ka ɗauki maganata ba. Wayarka tana da na'urar auna maganaɗisu, ita ce take juya maka taswira. Sauke manhajar da ke nuna adadin, ka duba a filin makarantarku nesa da ƙarafa, ka rubuta, sannan ka duba a Bungui. Ni da kamfas ɗin aikina na je, na ɗora shi a tafin hannu a kan mashigin, na sauka inda mutane suke zama na sake dubawa. Allurar ta yi ɗan lilonta ta tsaya tana nuna arewa, kamar yadda take yi ko'ina.

Za ka ce to hotunan bidiyon da ake nuna allura tana juyawa fa? Dalilansu suna da yawa, kuma duk sanannu ne. Kamfas mai araha allurarsa takan maƙale. Waya, agogo, maɓallin jaka mai mayen ƙarfe, ƙusa a jikin benci, ƙarfen kariya na gefen titi, kowannensu yana iya karkatar da ita idan ya matso. Akwai kuma duwatsu masu ɗauke da ma'adinin ƙarfe mai maganaɗisu, da waɗanda tsawa ta taɓa faɗa wa, suna jan allura idan ka manna kamfas a jikinsu, amma ka ja da baya taku kaɗan sai ta koma daidai. Wannan ƙarin ƙarfi ne a ɗan wuri, ba gushewarsa ba. Ga wani abu da ya shafe mu musamman. A ƙasarmu layukan maganaɗisu kusan a kwance suke bin ƙasa, domin muna dab da inda suke daidaita. A tsakiyar Japan kuwa suna nutsewa cikin ƙasa da kusan digiri 50. Kamfas da aka daidaita nauyin allurarsa don yankinmu, idan aka kai shi can, bakin allurar yana iya sunkuyawa ya goga gindin akwatin, ya yi ta tsayawa inda bai kamata ba. Wanda bai san wannan ba sai ya rantse wurin ne.

Idan ka faɗa wa abokanka haka, mai yiwuwa wani ya ce maka ai ba sifirin na'ura ake nufi ba. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne wai manyan sassan ƙasa biyu suna ture juna a wurin, ƙarfinsu ya yi kunnen doki, ya soke juna, sai wani kuzari ya taru. A nan an cakuɗa abubuwa biyu da ba su da haɗi. Turereniyar duwatsu daban, maganaɗisu daban. Ka ɗauki raguna biyu da suka haɗa goshi, kowanne ya kafe, babu mai gaba babu mai baya. Ƙarfinsu ya yi daidai, gaskiya ne, amma ka tsaya kusa da su da kamfas, allurar ba ta san suna yi ba. Kuma idan da maganaɗisu biyu ne suka soke juna, to na'ura sifiri za ta nuna, domin ma'anar sokewar ke nan. Ba zai yiwu a ce ya soke kuma na'ura ta nuna 46 ba. Shi ki kuwa, babu na'urar da ta taɓa auna shi, saboda haka ba zancen kimiyya ba ne, zancen abin da mutum ya yarda da shi ne. Abin da ba na so shi ne a ɗauko kalmomin kimiyya a yafa masa don ya yi kwarjini.

Amma akwai gaskiya guda a cikin bayanin nasu, kuma babba ce. Bungui yana zaune daram a kan tsagar ƙasa mafi tsawo a Japan, wadda suke kira Cuo Kozosen, wato babban layin tsakiya. Ta kai kusan kilomita 1,000, daga yankin Kanto ta ratsa tsakiyar babban tsibirin Honshu da zirin Kii da tsibirin Shikoku har Kyushu. Wani Bajamushe masanin duwatsu, Edmund Naumann, shi ya fara bayyana ta a ƙarshen ƙarni na 19. Tarihin motsinta ya kai shekara miliyan 100 ko kusa da haka. A yankin da za ku je layin ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu. Ta yamma da shi akwai duwatsun da ake kira Ryoke, dangin giranit irin na Kufena da Kwatarkwashi da waɗanda zafi mai tsanani ya gasa a wuri marar zurfi sosai. Ta gabas akwai duwatsun Sanbagawa, masu ɓarewa falle-falle, waɗanda aka danne a can ƙasa mai zurfi inda nauyi ya yi yawa amma zafi bai kai ba. Ba wuri ɗaya aka haife su ba, tsakaninsu da nisa, motsin tsagar ne ya kawo su kafaɗa da kafaɗa.

Shi kansa mashigin wannan tsaga ce ta yi shi. Inda duwatsu suka daɗe suna gugar juna sun niƙe, ruwa yana saurin cinye su, sai kwari ya fito a miƙe kamar an ja layi. Idan ka tsaya a Bungui rana tana da haske ka dubi arewa, za ka ga kwarin ya tafi sambal wajen tafkin Miwa. Abin da kake kallo ke nan, tsagar ce da idonka. Hanya ta 152 tana bin wannan kwari, shi ya sa take fama da zaizaya. Can kudu akwai wani mashigin da sunansa ma Aokuzure, wato shuɗin rugujewa, inda ruɓewar dutse ta hana a haɗa hanyar shekara da shekaru.

Ka roƙi abokanka su ƙara maka sa'a biyu ko uku, ku gangara ɓangaren Oshika zuwa inda ake kira Kitagawa. Rafi ya yanke gefen tudu a wurin ya tone tsagar a fili. Da na isa na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Bango ne na ƙasa, hagu ja-ja kamar tsatsa, dama baƙi-baƙi mai duhun toka, layin da ya raba su kuwa a bayyane kamar ɗinkin riga mai launi biyu. A ƙasan bangon na tsinci ɗan guntun da ya faɗo, na murza shi da yatsu, sai ya narke kamar jiƙaƙƙen yumɓu ya bar mini baƙi a hannu. Dutse ne fa, tsaga ta niƙa shi har ya koma haka. A 2013 gwamnatin Japan ta sa wurin cikin abubuwan halitta da doka take karewa, saboda haka ba a haƙa, ba a ɓantara. A cikin ƙauyen kuma akwai ɗan gidan adana kayan tarihi na wannan tsaga, an jera duwatsun ɓangarorin biyu yadda har wanda bai karanci fannin ba zai gane. Idan lokaci ya ƙure, akwai wani wurin da tsagar ta fito a Mizoguchi, bakin tafkin Miwa, a kan hanyarku ta zuwa.

Sauran tambayarka ita ce ta marasa lafiya, kuma ita ta fi damuna. Inda ake zama ba a kan titi yake ba, ana ɗan gangarawa cikin kurmi zuwa wani gangare da aka jera katakai hawa-hawa kamar matakala. Ranar da na je akwai mutane sun fi ashirin, babu mai magana. Wasu sun rufe ido, wasu sun buɗe tafin hannu a kan gwiwa. Kusa da ni wata dattijuwa ce da hular saƙa ta rufe kanta gaba ɗaya, fuskarta ta faɗa, 'yarta tana gyara mata bargo a ƙafa tana zuba mata shayi daga fulas. Da ta ga na zauna a kan katako mai sanyi, sai ta zaro wata 'yar shimfiɗar roba daga jakarta ta miƙo mini da hannu biyu. Ba mu yi wata hira ba. Na mayar da kamfas ɗina aljihu, kuma ina roƙonka kai ma idan za ka yi awonka ka yi shi a gefe, kada ka tsaya a gaban irin waɗannan bayin Allah kana nuna wa abokai lamba kana dariya. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ko'ina aka ce akwai sauƙi zai je, mu ma mun san haka a gida.

Mutane da yawa suna cewa sun ji daɗin jikinsu a wurin, kuma ban ɗauka ƙarya suke yi ba. Iska takan yi sanyi da kusan digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000, saboda haka wanda ya baro zafin Nagoya mai danshi a watan Agusta zai tarar da wurin ya fi sanyi da wajen digiri 9. Ga inuwa, ga ƙamshin itatuwa, ga ƙarar ruwa, babu hayaniya. Mutumin da bai taɓa zama minti talatin ba tare da waya ba ya zauna shiru yana numfashi a hankali, dole ya ji sauyi. Idan kuma aka ce maka za ka ji tafin hannunka yana tsatstsafa, ka buɗe shi ka tattara hankalinka a kansa, za ka ji, ko a ɗakinka ne. Japanawa da kansu suna da suna ga wannan hutu na cikin daji, shinrin-yoku, wankan kurmi, hukumar gandun dajinsu ce ta fito da kalmar a 1982. Wannan amfani ne na gaske, kuma ba ya buƙatar tatsuniyar maganaɗisu. Ka tuna ma na'urar hoton asibiti ta MRI tana sa mutum cikin maganaɗisun da ya ninka na duniya sau dubu talatin ko fiye, ya fito bai warke daga komai ba saboda shi, bai kuma ji wani kuzari ba.

Inda nake jan layi shi ne a ce wurin yana maganin ciwon daji ko ciwon suga ko hawan jini. Babu hujja a kan haka ko kaɗan. Idan cikin tawagarku akwai mai shan magani, ya ci gaba da shan abinsa. Za ka ga ana sayar da ruwan gora da duwatsun ado da sunan wurin, ruwa ne kawai da dutse. Za ka ga kuma masu ɗibar ruwan rafi a jarka. Kada ka sha shi ɗanye, barewa da birai da sauran namun daji suna sha suna kashi a saman wannan ruwa.

Game da addini, hukunci na malamai ne, ni abin da zan ba ka shi ne hoton abin da ake yi don ka kai musu tambaya daidai. Zama ne a kan katako a cikin kurmi, ba a tilasta wa kowa yin wani abu, ba a tambayar kowa abin da ya kawo shi. Wasu sun zo da imanin cewa wurin da kansa yana ba da lafiya, wasu sun zo shan iska, wasu rakiya. Kai ka san abin da ke zuciyarka. Idan abokanka suka tsaya a wani wurin bauta a hanya suka tafa hannu suka sunkuya, ka koma gefe cikin ladabi, ban taɓa ganin Bajapanen da ya ji haushin haka ba. Lokacin salla kuwa kamfas ɗin nan da aka ce ba ya aiki shi zai nuna maka alƙibla: daga can tana yamma ne ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 290 da 'yan kai daga arewa ta gaskiya, allurar kuma tana kauce wa arewa ta gaskiya zuwa yamma da digiri 7 zuwa 8. Ka tafi da dardumarka da ruwan alwala.

Shirin tafiya ba shi da yawa, amma kada a yi wasa da shi. Da hunturu ana rufe hanyar saboda ƙanƙara, lokacin zuwa daga bazara ne zuwa kaka. Ko a cikin lokacin, ruwan sama mai yawa yakan zubo da ƙasa a rufe hanya, saboda haka ku duba sanarwar birnin Ina kwana ɗaya kafin ku tashi, ku tabbatar hanya a buɗe take kuma bas yana aiki. Mota ta fi sauƙi: ku bi babbar hanyar Cuo, ku sauka wajen Ina, ku wuce Takato zuwa Hase, ku ajiye mota a filin da bas yake tashi ku hau shi. Ku riƙe kuɗi a hannu, ku tambayi lokacin bas na ƙarshe tun kuna hawa. Wanda zai tuƙa ya zama ya saba da hanyar dutse, domin akwai wuraren da mota biyu ba sa wucewa tare. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki rigar sanyi ko da rani ne, da abin shimfiɗa a kan katako. Dazukan Nagano akwai baƙin beyar, shi ya sa za ka ji masu yawo suna rataye da 'yar ƙararrawa. Kada ka bar hanya ka kutsa daji kai kaɗai, musamman da sassafe ko dab da magariba.

Ka yi guzurinka daga gida, domin abincin yankin akwai naman alade a ciki da yawa, romon taliyarsu ma sau da yawa da giyar girki ake haɗa shi. Amma idan kun tsaya a shagunan tsaraba na Ina ka duba kantoci da kyau, za ka ga fara a cikin kwalba, an dafa ta da miyar waken soya da sukari. Mutanen wannan kwari suna cin ta tun kakanni, suna kiranta inago. Ka sa abokinka ya karanta maka abin da aka haɗa ta da shi kafin ka saya. Idan kuma tafiyar ta faɗo a farkon Afrilu zuwa tsakiyarsa, ku tsaya a tsohuwar fadar Takato, itatuwan sakura wajen 1,500 suna fure a lokacin. Idan ka dawo ka turo mini lambobi biyun da wayarka ta nuna, na Nagoya da na Bungui, da hoton bangon Kitagawa.